Ogan da ba a iya ce wa "dakata"

Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen Boeing 747 biyu, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suka yi karo a filin jirgin saman Tenerife na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu. Hazo ya rufe filin, saƙonnin rediyo sun cakuɗe. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a ɗakin tuƙin jirgin KLM. Kyaftin ɗin shi ne babban mai horar da matuƙan 747 na kamfanin. Da ya zabura zai tashi ba tare da cikakken izini ba, injiniyan jirgin ya tambaya ko jirgin Pan Am ya kauce daga hanya. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Injiniyan bai sake tankawa ba.

Bayan wannan hatsari da wasu irinsa ne kamfanonin jiragen sama suka soma koya wa matuƙa cewa dole babba ya saurari ƙarami, ƙarami kuma ya nace idan ya hango haɗari.

A ofisoshinmu ana ɗaukar tawali'u kamar ado, wato oga ya amsa gaisuwar masinja ko ya leƙa sunan ɗan direba. Wannan yana da kyau, amma bai kai ba. Ma'aunin shi ne: ranar da akawu ya ce "ranka ya daɗe, lissafin nan akwai gyara," me ke biyo baya? Idan tsawa ce da takardar tuhuma, to an gama. Daga ranar kowa zai koma "to, yallaɓai," a ɓoye kuskure har ya ruɓe, ƙwararru su fara neman canjin wurin aiki a ɓoye, 'yan fadanci su cika gurbinsu. Ogan kuwa yana zaune cikin sanyin ofis, ya ɗauka shirun nan ladabi ne.

Wasu kan ce shugaba mai sauƙin kai raini yake jawo wa kansa. Ban yarda ba. A yaƙin Badar, Annabi (SAW) ya karɓi shawarar Hubab ɗan Munzir ya sauya wurin da rundunar ta sauka, ranar Khandaƙ kuma ya haƙa rami tare da sahabbansa. Raini yana zuwa ne idan shugaba ya kasa yanke hukunci bayan ya saurara, ko ya kafe kan kuskuren da duk ma'aikatansa suke gani, alhali su ne za su kwana gyara ɓarnar.