Wata Bawan Allah Ne, Bai San Gobenka Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan uwa, da zarar an shiga sabon wata sai ka ga hotuna sun cika waya: farin wata a tsakiya, taurari sun kewaye shi, a ƙasa an jera abin da watan ya tanadar wa kowa bisa burujinsa, wato rukunin taurarin da masu duba ke jingina mutum gare shi gwargwadon ranar haihuwarsa. 'Yan burujin Zaki, kuɗi na nan tafe. 'Yan Kunama, ku yi hattara da wani na kusa da ku. 'Yan Kifi, wannan watan na soyayya ne. Har akwai masu cewa daren da wata ya cika ka rubuta burinka a takarda ka ajiye cikin haskensa, ko ka bar ruwa ya kwana a farin wata ka sha da safe, wai yana wanke zuciya. Masu rubutawa ba su dame ni sosai ba, sana'arsu suke yi. Masu turawa ne suka tsaya mini a rai, don da yawansu mutanen kirki ne, masu salla, waɗanda in ka ce su je wurin boka za su yi a'uzubillahi. Sai ga bokan ya biyo su har cikin aljihu, kuma sun karɓe shi hannu bibbiyu.

Wata yana da daraja a addininmu, kada wani ya ɗauka raina shi nake yi. Allah Ya yi rantsuwa da shi a Alƙur'ani, akwai sura sukutum mai sunansa, kuma tsagewarsa gida biyu tana cikin mu'ujizozin Manzon Allah (SAW). Amma da mutane suka tambayi Annabi game da jinjirin wata, amsar da ta sauka a Suratul Baƙara, aya ta 189, gajera ce: ka ce lokuta ne abin ƙayyadewa ga mutane da kuma aikin Hajji. A Suratu Yunus, aya ta 5, Allah Ya ce Ya sanya wata haske, Ya ƙaddara masa masaukai, domin ku san ƙidayar shekaru da lissafi. Aikin da aka ɗora masa ke nan. Agogon bango yana gaya maka ƙarfe nawa, amma ko ka shekara kana kallonsa ba zai gaya maka ko kasuwar yau za ta yi riba ba.

Kuma wannan aiki ba ƙarami ba ne. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 ne da kusan rabin yini, shi ya sa watanmu yake yin 29 ko 30, shekararmu kuma take kwana 354 ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Wannan ɗan gibin ne yake sa Ramadan ya riƙa zagayawa, ya faɗo cikin zafi, ya faɗo cikin sanyi, ya zo da dogon yini, ya zo da gajere, har ya zagaye yanayin shekara gaba ɗaya cikin shekara kusan 33. Ba a bar mutanen wata nahiya da azumin wahala har abada, wasu kuma da na sauƙi har abada ba. Azumi, Idi, Arfa, iddar matar da mijinta ya rasu, cikar shekarar zakka, duk da wata ake auna su. Makiyayi a daji da bai taɓa riƙe alƙalami ba zai ɗaga kai ya san ko watan ya raba.

Ku dubi yadda Suratu Yasin ta siffanta shi a aya ta 39. Yana bin masaukansa har ya koma kamar tsohuwar tsumagiyar dabino, busasshiya, siririya, lanƙwasasshiya. Wannan abin da ya cika sararin sama da haske daren sha huɗu, shi ne bayan mako biyu za ka neme shi da asuba da ƙyar ka hango shi, sannan ya ɓace. Ba shi da ikon ƙara wa kansa dare ɗaya na cika. Hasken ma ba nasa ba ne, na rana ne yake dawowa daga jikinsa. Annabi Ibrahim (AS) da wannan hujjar ya ƙure mutanensa masu bautar taurari, kamar yadda ya zo a Suratul An'am: tauraro ya fito ya faɗi, wata ya fito ya faɗi, rana ta fito ta faɗi, ya ce shi ba ya son masu faɗuwa. Abin da ake juya shi, shi ne kuma zai juya arzikinka?

Akwai wata rana a Madina da nake so mu daɗe muna kallo. Shekara ta 10 bayan Hijira, Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu yana jariri, bai ko gama shan nono ba. Idon Annabi yana zubar da hawaye. A ranar nan kuma rana ta yi husufi, gari ya dushe. Mutane suka ce ai saboda mutuwar Ibrahim ne. Ka tsaya ka auna: uba ne cikin baƙin ciki, ga mutane suna cewa sama ma tana taya shi jimami, magana ce ta ƙauna, ba wanda ya faɗe ta da mugun nufi. Da mai neman suna ne, shiru kawai zai yi, labarin ya yaɗu. Sai ya tsaya ya gaya musu cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko don rayuwarsa, idan kun ga haka ku roƙi Allah, ku yi salla har abin ya yaye. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. To in sama ba ta motsa don ɗan fiyayyen halitta ba, ɗan uwa, me ya sa kake zaton cikar wata a burujin Ma'auni tana da magana a kan ƙarin albashinka?

Haka a Hudaibiyya. Zaidu ɗan Khalid al-Juhani ya ce an yi ruwa da dare, da Annabi (SAW) ya idar da sallar Asuba sai ya juyo ya tambaye su ko sun san abin da Ubangijinsu Ya ce. Ya ce Allah Ya ce: a cikin bayiNa an wayi gari akwai mai imani da Ni, akwai mai kafirce Mini. Wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarSa, ya yi imani da Ni, ya kafirce wa tauraro. Wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza, ya kafirce Mini, ya yi imani da tauraro. Ruwan sama ke nan, wanda aƙalla yana da lokacinsa a shekara. Ina ga aure da haihuwa da ajali?

Shi wannan rabon na buruji goma sha biyu a Babila aka fara tsara shi, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Girkawa suka ɗauka suka faɗaɗa. Salon da muke gani yau kuwa, na 'yan layuka ga kowa da kowa, ɗan jarida ne ya haife shi. A 1930 jaridar Sunday Express ta Ingila ta sa wani mai suna R. H. Naylor ya duba wa Gimbiya Margaret taurarinta bayan an haife ta, masu karatu suka so abin, aka mayar da shi fili na dindindin, sauran jaridu suka bi sahu saboda yana jawo ciniki. Mutanen duniya sun haura biliyan 8. Raba su gida 12, kowane gida ya fi mutum miliyan 600. A cikinsu akwai jaririn da aka haifa bara, akwai tsohon da ke gadon asibiti, akwai wanda ke kurkuku. Duk an ce musu wannan watan za su haɗu da masoyi.

Wani abin dariyar ma, duniyar nan tana da wani tangaɗi da take yi a hankali a kan sandar juyawarta, wanda ke cika zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000. Saboda haka tun lokacin da aka yanka ranakun burujan nan, sama ta gusa da kusan buruji guda. Mafi yawan masu bugun ƙirji da cewa su Zaki ne, ranar da aka haife su rana tana cikin taurarin Ƙaguwa. Masu duban taurari na ƙasashen Yamma sun san da haka, suka ce su yanayin shekara suke bi. Na Indiya suka ce su taurarin suke bi. Mutum ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, buruji biyu, hali biyu.

Na san abin da za a ce: amma ai wani lokaci yana dacewa, wallahi kamar ni aka siffanta. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya miƙa wa kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sai ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani littafin duban taurari ya tsinto jimlolin. Irin su ne dai: kana son mutane su ƙaunace ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Wa za a gaya wa haka ya ce ba shi ba ne? Tun kafin wannan, Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa an gaya wa Annabi (SAW) bokaye kan faɗi abu ya tabbata, ya ce kalma ce ta gaskiya da aljani ke fizgowa ya zuba a kunnen abokinsa, su gauraya ta da ƙarya ɗari. Ɗayar nan muke riƙewa, ɗarin mu manta.

Sai masu cewa wasa ne kawai, ba su yarda ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Abu Dawud ya kawo daga Ibnu Abbas cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri, in ya ƙara ya ƙaru. Malamai da dama na wannan zamani suna ganin buɗe shafin buruji don ka ga abin da aka ce a kanka yana shiga ƙarƙashin wannan gargaɗin, tunda tambayar ce dai, ƙafa ce kawai ba ta taka ba. Ni kuma abin da na fi tsoro shi ne abin da ke biyo bayan karatun. 'Yar uwa ta karanta da dariya cewa wani na kusa da ita zai ci amanarta. Ta rufe waya. Bayan kwana biyu aminiyarta ba ta ɗaga kira ba, sai zuciya ta ce: to, ga shi nan. Ba ta furta ba, amma murmushin da za ta yi mata gobe ya ragu. Wata kuma mutumin kirki ya fito neman aurenta, mai addini, mai sana'a, ta tambayi ranar haihuwarsa tun kafin ta tambayi wa ya san halinsa, ta duba ta ga wai burujinsu ba ya jituwa, gabanta ya faɗi. Wasan da ke sa gaba ya faɗi ya wuce wasa. Allah Ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, a Suratun Namli kuma, aya ta 65, babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi.

Kada kuma a wuce gona da iri a ce ilimin sararin sama haramun ne. Lissafin husufi, gano alƙibla, sanin lokutan salla, fahimtar yadda jan wata ke sa ruwan teku ya cika ya janye, duk ilimi ne mai kyau, Musulmi sun yi fice a cikinsa. Abin da aka hana shi ne jingina ƙaddarar mutum ga tafiyar tauraro.

In jagorar wata-wata kake nema, an riga an ba ka. Idan ka ga jinjiri, ka yi addu'ar da Tirmizi ya ruwaito: Allahumma ahillahu alaina bil yumni wal iman, was salamati wal Islam, Rabbi wa Rabbukallah. Ya Allah Ka tsayar mana da shi da albarka da imani da aminci da Musulunci. Sannan ka fuskanci watan ka ce masa: Ubangijina da Ubangijinka Allah ne. Idan ya kai 13, 14 da 15, lokacin da wasu ke shanya takardun buri, kai ka ɗauki azumin fararen kwanaki. Ka san sunan watan da kake ciki, don da yawanmu sai Sha'aban ya raba muke tambaya yau nawa ga wata. Ka san huɗun nan masu alfarma, Zulƙida, Zulhajji, Muharram da Rajab. Jarir ɗan Abdullahi (RA) ya ce suna zaune tare da Annabi (SAW) a daren cikar wata, ya dube shi ya ce lallai za ku ga Ubangijinku kamar yadda kuke ganin wannan watan, ba za ku yi turereniya wajen ganinSa ba, don haka in kuna da iko kada a rinjaye ku a kan sallar kafin fitowar rana da ta kafin faɗuwarta. Asuba da La'asar ke nan.

Idan kuma wata shawara ce ta tsaya maka a wuya, aure ko tafiya ko sabuwar sana'a, ka yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka karanta addu'ar istihara, ka nemi mutum biyu ko uku masu hankali da suka san lamarin ka ji ta bakinsu, sannan ka shiga da bismillah. Shafukan burujin da kake bi, ka daina bin su yau, kada ka jira sai ka ga abin da za su ce a kan wata mai zuwa. Wanda ya turo maka irin hoton nan, kada ka kunyata shi a cikin jama'a. Ka bi shi ta gefe, ka tura masa hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu.