Karatun adabi na shekara biyu a Amurka ba NCE ba ne

Da an ce wa mutumin gida wane yana karatun adabi a kwalejin al'umma a nan Amurka, sai ka ji ya ce, "Au, NCE ɗinsu ke nan." Ba ita ba ce, kuma wannan zaton yana cinye wa iyaye daloli.

Mai NCE shekara uku yake yi a kwalejin ilimi, ya haɗa darussa biyu, a ce Turanci da Hausa, ya fito da takardar da za ta ba shi aji ya koyar. Takardar da kwalejin al'umma ke bayarwa bayan shekara biyu, wadda ake kira AA, ba ta damƙa wa kowa alli. Koyarwa a makarantar gwamnati sai da cikakken digiri da lasisin jiha. AA rabin digiri ce kawai, kuma a ganina duk wanda bai da niyyar ƙarasawa a jami'a gara ya nemi wani fannin.

Wajen wucewa gaba kuwa AA ta fi tamu nesa ba kusa ba. Mai NCE, bayan shekara ukunsa, DE ta JAMB aji biyu take kai shi. AA kiredit 60 ce (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), digiri kuma 120, don haka aji uku ake shiga kai tsaye. A Kalifoniya ma tun 2010 doka ta tanadar wa mai irin AA ɗin da aka tsara don wucewa gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar da ake kira CSU, muddin matsakaicin makinsa bai gaza 2.0, wato C, ba. A kwalejin al'umma ta can, ɗan jiha yana biyan dala 46 kan kowane kiredit; mai bizar karatu ta F-1 kuwa ninkin-ba-ninkin haka.

Yawancin kwasa-kwasai kiredit uku ne, wato kusan kwas ashirin. Na adabi da rubutu ba sa wuce shida ko bakwai, sauran lissafi ne da kimiyya da tarihi. Wanda ya gudo adabi don ya tsere wa lissafi zai tarar da shi zaune yana jiransa. Sannan biza kiredit 12 take nema a zango, sai ɗalibi ya tsaya nan, alhali sai da 15 ake gamawa a zango huɗu. Ga kuɗin zango na biyar ya hau kansa. Kwasa-kwasan share fage da jarrabawar tantancewa kan jefa mutum ciki su ma ana biya, amma ba sa shiga lissafin 60 ɗin. Makin D kuma sau da yawa jami'a ba ta karɓa, sai C.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne rubutu. Mun saba da haddar takardun malam a juye masa a jarrabawa. A nan gajeren labari za a ba ka, a ce shafi biyar, ka kafa hujjarka, ka nuna shafin da ka ɗauko kowace magana bisa tsarin ambaton madogara da ake kira MLA. Ka kwafi jimla ɗaya ba ka ambaci mai ita ba, manhajar gano kwafi ta Turnitin ta tona, takardar ta koma sifili.

Kafin a yi rajistar kwas na farko, a nemi yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejin da jami'ar da ake hari, a zauna da mai ba ɗalibai shawara a bi jerin kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya.