Gudan jini a huhu: a fara duba ƙafa

Wani labari ya ce na'urar eko (mai ɗaukar hoton cikin jiki da sauti) da ake zurawa ta maƙogwaro tana gano gudan jini a jijiyoyin huhu, amma bai faɗi cewa manyan jijiyoyin da ke manne da bututun iska kaɗai take hangowa ba. Gudan da ya maƙale a ƙananan rassa yakan ɓuya mata. Na yarda tana da amfani ga mai ciwon ƙoda, wanda ruwan da ake ɗurawa kafin hoton sikana zai iya cutarwa. Sai dai yawancin gudajin nan daga jijiyoyin ƙafa suke tasowa, kuma akwai eko na yau da kullum, wanda ake ɗorawa a kan fata, a asibitocin Garwa da Marwa. Me zai hana a riƙa duba kumburarriyar ƙafar mai jego tun numfashinta bai sarƙe ba?