Ruwan akwatin kifi ya yi fari: kada ka zubar da shi

Masu ajiye kifin ado a Agege da Idi-Araba da yawa, da sun ga ruwan sabon akwatinsu ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, sai su ɗauka datti ne. Su kwashe ruwan kaf, su wanke tankin tas. Bayan kwana 2 farin ya dawo, kifi kuma ya galabaita.

Yawanci ba datti ba ne. Bakteriya ne suka yi yawa a ruwan, domin sabon tanki bai zauna ba tukuna. Bakteriya masu amfani kuwa, waɗanda ke sarrafa gubar amoniya ta kashin kifi, suna bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a cikin matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin. Wankin nan yana mayar da aiki baya, musamman idan ruwan famfon na da kulorin, sinadarin da ke kashe bakteriya.

Rage abinci sosai, kada ka ƙara kifi, bar matatar ruwan tana aiki. Farin kan washe da kansa cikin mako 1 ko 2. Idan kifin na hakin iska a saman ruwa, canja kwata na ruwan kawai. Abin da ya fi damuna a Legas shi ne ɗaukewar wuta da ke tsayar da matatar ruwan, domin bakteriyan nan na cin iskar ruwan. Samu ƙaramin famfon iska mai batir.

Idan ruwan kore ne, wannan gansakuka ce, janye akwatin daga taga.