Tarin da ke biyo bayan barin sigari

A majalisun Gusau da Ƙauran Namoda ana yawan cewa wanda ya shekara ashirin yana zuƙar sigari, in ya bari lokaci guda, ciwo zai kwantar da shi. Hujjarsu ita ce tarin da ke ƙaruwa bayan an daina. Ba haka abin yake ba. Hanyoyin iska na huhu suna da wasu ƙananan gashi masu share majina, hayaƙi ne ya kashe musu ƙarfi. Da an daina sai su farfaɗo su fara turo dattin da ya taru, shi ne tarin da ake ji.

Wahalar gaske ta rashin nikotin ce, wato sinadarin taba da ke sa jiki ya saba da sigari: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Takan yi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, ta lafa cikin mako 2 zuwa 4. Ƙaiƙayin son kunnawa 'yan mintoci kawai yake yi, a sha ruwa, a tauna asuwaki, a tashi daga teburin mai shayi in can aka saba busawa. Kara ɗaya "don gwaji" shi ke mayar da mutane da yawa ruwa.

Amma tarin da ya wuce mako 2, ko ya zo da jini, rama ko zufar dare, a je asibitin gwamnati a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne.