"Ke ce likitar ko ni?"

Daren jiya ban runtsa ba, kuma ba ciwon yarinyata ne kaɗai ya hana ni barci ba. Ciwo kam mun saba da shi. Duk uwar da Allah ya jarrabe ta da ɗa mai sikila ta san wannan rayuwa: hunturu ya shigo gabanki ya faɗi, damina ta sauka gabanki ya faɗi, cikin dare ki ji "Umma, ƙafata" ki miƙe kina laluben katin asibiti da kuɗin adaidaita. Abin da ya tsaya min a maƙoshi magana ce da wani likita ya yaɓa mana a bakin gadonta, tana kwance tana ji.

Shekarar 'yata 13, tun tana goye muke zaryar asibiti. Ta san sunan kowane magani da take sha, ta san jijiyar da ake samu idan za a sa mata ƙarin ruwa, har nuna wa nas take yi. Wannan karon aka kwantar da mu. Da safe likita ya shigo zagaye da ɗalibai a bayansa, suka kewaye gadon, suka yi ta Turanci a kanta, ko sannu babu wanda ya ce mata. Ya yi rubuce-rubucensa, sai ga nas ta miƙo min takarda da biro.

"Hajiya, sa hannu a nan, sai ki nemo waɗanda za su ba da jini."

Na dubi takardar, Turanci ne daga sama har ƙasa. Na sassauta murya, don na san inda nake, na ce, "Likita, don Allah ka yi haƙuri, jini za a ƙara mata? Wancan karon da aka ƙara mata, jikinta ya ɗauki ɓari da zazzaɓi, sai da aka cire ledar ba ta ƙare ba."

Bai ɗago kai ba. "Yana cikin fayil."

Na ce, "To nawa jinin nata ya sauka? Dole ne yau, ko akwai abin da za a fara gwadawa?"

Nan ne ya ajiye biro, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hajiya, ke ce likitar ko ni? In kin san aikin, ɗauke ta ku tafi gida mana."

Wasu daga cikin ɗaliban suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na haɗiye, don 'yata ce a hannunsa. Sai ita yarinyar ta yi ƙarfin hali, da muryar da ko fita ba ta yi sosai, ta ce, "Likita, ciwon yau ba irin na kullum ba ne. A ƙirji nake jin sa, numfashi yana min wuya."

Wallahi ko kallonta bai yi ba. Ni ya fuskanta ya ce, "Ki ce mata ta yi shiru, manya na magana. Duk haka suke, allura take nema." Yana juyawa zai wuce gado na gaba ya ƙara da cewa, "Da kun yi gwaji kafin aure, da duk ba mu sha wannan wahalar ba."

Wace wahala ka sha, likita? Kai ne kake kwana a tabarma a barandar asibiti sauro na cinka? Kai ka sayar da ɗan kunnenka ka sayi ledar jini? Safar hannun da ka sa ka taɓa ta ma ni na sayo, sirinji ni na sayo, ruwan da ake ƙara mata ni na sayo. Komai na jinyar nan a kaina yake, amma tambaya ɗaya ta zama rashin kunya. Kuma ka san abin da maganarka ta ƙarshe take nufi a kunnen yarinya mai hankali? Bayan la'asar ta jawo hannuna ta ce, "Umma, da kun yi gwajin, ba za ku haife ni ba ko?" Ka zo ka ba ta amsa, tunda kai ka san komai.

Kada wani ya ce na ƙi magani. Na sa hannu, aka ƙara jinin, don ba ni da ilimin da zan ja da likita kuma ban taɓa cewa ina da shi ba. Bayani na nema. Mu iyayen masu sikila mun san ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi ba abin wasa ba ne, yana cikin abubuwan da suka fi kashe yaranmu. Mun san wanda aka yawaita ƙara wa jini jikinsa kan fara faɗa da jinin da ake sa masa, sinadarin ƙarfe kuma ya taru ya ɓata masa hanta da zuciya. Ba a makaranta muka koya ba, a bakin gado muka koya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yarinyar da ta shekara 13 a cikin wannan jiki ta fi kowa sanin bambancin ciwon jiya da na yau.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba alfarma na roƙa ba, haƙƙina ne a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, kuma ta ce a yi bayanin da harshen da mutum yake ji. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙin majinyata a Abuja. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1991, ta ce a saurari ra'ayin yaro a kan duk abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ina duk waɗannan suke a ɗakin yara da ƙarfe takwas na safe? Uwa nawa ce a cikinmu aka taɓa gaya wa suna nan?

Kuma mu 'yan Arewa ba mu manta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa da yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka guji rigakafin shan inna a 2003. Bayan duk wannan, har yau ana tura wa uwa takardar da ba ta iya karantawa a ce ta dangwala, gobe kuma a hau rediyo ana zagin talaka wai ba ya yarda da asibiti.

Na san likitan nan a gajiye yake. Na ga layin da ke jiransa, na san abokan aikinsa sun watse Saudiyya da Ingila sun bar shi da aikin mutum da yawa. Gajiya ba ta ba shi izinin cin mutuncin yarinya ba, amma na san waɗanda suka jefa mu a wannan hali. A Abuja aka taru a 2001 aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya tana yawo wajen kashi 5. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, inda ake haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara! Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, na yaba, amma waɗanda aka riga aka haifa fa? Su laifi ne da za a riƙa goranta wa iyayensu?

Mu ma muna da namu. Da na fito baranda ina share hawaye, matan da muke jinya tare ba wadda ta ce an zalunce ni. Cewa suka yi, "Ki yi haƙuri, kada ki ja ya yi fushi da yarinyar." Haka aka raine mu: ba a tambayar babba, yaro ba shi da baki, wanda ya sa farar riga kuwa ba ya kuskure. Da wannan haƙurin ake binne yaranmu mu ce kwana ne ya ƙare. Ranar 19 ga Yuni jami'ai za su sake taruwa a otal don bikin ranar sikila ta duniya, a yi jawabi a ɗauki hoto. Kuɗin abincin taron nan kaɗai ya isa a fassara takardar sa hannu zuwa Hausa, da boko da ajami, a raba wa kowane asibitin gwamnati, kuma shekara da shekaru babu wanda ya ga dama.