Masu killace 'yan tsaki, ina tsakuwarsu?

'Yan uwa masu kiwon kaji a gida, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Mutum zai sayo 'yan tsaki, ya killace su a kwali ko keji a kan siminti saboda tsoron shirwa da ɓera, ya shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa, sannan ya riƙa watsa musu gero da ɓarzajjiyar masara da ganye. Bayan mako biyu sai ka ji yana cewa suna ci amma ba sa girma, wai an cuce shi a iri. Sau da yawa irin lafiyarsa lau, tsakuwa ce ba su samu ba.

Kaza ba ta da haƙori. Abin da ta haɗiya yakan tsaya a jakar wuyanta ya jiƙa, daga nan ya gangara zuwa ƙundu, a can ake niƙa. Duk wadda ta taɓa gyaran kazar Hausa ta san abin da nake faɗa. In kika tsaga ƙundu, kafin ki ɓare fatar nan ruwan ɗorawa, za ki tarar da ƙananan tsakuwoyi sun yi sumul saboda goguwa, cakuɗe da hatsin da aka fara murƙushewa. Su ne dutsen niƙanta. Tsakon da ke bin uwarsa ba ya buƙatar kowa, in ta yi tono ta kira su, tare da gara da tsutsa yake tsintar tsakuwar da ta yi daidai da bakinsa. Ranar da ka raba shi da ƙasa, wannan aikin ya dawo wuyanka.

Ba kowane tsako ne ke buƙata ba. In abincin kamfani kaɗai kake ba su, sitata ɗin nan, wato abincin farko na 'yan tsaki da aka riga aka niƙa, to ba dole ba ne. Amma wa ke tsayawa a kan buhu kaɗai da tsadar nan? Yawancinmu muna haɗawa da gero da dawa da zogale. Da zarar ƙwaya ko ganye ko ƙwaro ya shiga abincinsu, lokacin tsakuwa ya yi.

Ba ta da tsada, ko kwabo ba sai ka kashe ba. A ɗebo yashi mai tsakuwa-tsakuwa daga rafi mai tsabta, a tankaɗe a zubar da mai laushin, a tsince manyan, a bar wanda bai wuce ƙwayar gero ba. A wanke, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Kada a ɗebo daga bakin kwata ko inda manyan kaji ke kashi, nan ake kwaso tsutsar ciki da zawon jini. A zuba a murfin gwangwani daban, kar a cakuɗa da abinci, su da kansu za su ɗauki abin da ya ishe su. Kuma a bari su yi 'yan kwanaki sun gane abinci tukuna, don tsakon kwana ɗaya zai iya cika cikinsa da yashi ya bar abincin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu daka ɓawon ƙwai su ba 'yan tsaki da sunan tsakuwa, ko su ba su abincin kaji masu ƙwai don shi ne a gida. Ɓawon ƙwai cike yake da sinadarin kalsiyam, narkewa yake yi a ciki, ba ya niƙa komai. Kazar da ke saka ƙwai ce ke buƙatar sinadarin kalsiyam mai yawa, shi ya sa abincinta yake da ninki uku zuwa huɗu na wanda ke cikin sitata. Ƙodar tsako ba ta iya ɗaukar wannan, yana iya lalata ta.

Kuma don Allah kada wani ya ɗauka tsakuwa magani ce. Rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota (rigakafin cutar Newcastle) yana nan a kan lokacinsa, da ruwa mai tsabta da ɗumi, musamman in hunturu ya kama.